Kukan Jirgin Bawana Siraju

Sirajuddeen ɗan Kawu Alu ne, Kawu Alu kuma wan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta ya ce Sauda ta ci mutuncin bawan Allah. Ni da Siraju taubasai ne. Cin mutuncinsa gadona ne, tun ban iya ɗaura zane ba nake yi, kuma ko gaban mai unguwa aka kai ni, dariya za a yi a ba ni ruwa in sha. Shi yana cewa ni baiwarsa ce tunda ɗiyar mace ce ni. Ni kuma na ce wanda ya ɗauki wani a wuya shi ne bawa. Ku biyo ni a hankali za ku ga wanda ya ɗauki wani.

A Kurfi aka haife shi, shekarar da wake ya yi har aka rasa buhun zubawa. Ungozoma ta ce kunnuwansa suka fara fitowa, sai da suka huta sannan sauran jikin ya biyo baya. Har yau in iska ta taso sai ya ba ta gefe, in ba haka ba tana iya sauke shi a Katsina ba tare da ya shiga mota ba. Ya yi firamare, ya yi sakandare har ya gama, kuma da abin da yake yi mani gori ke nan, ni da na ajiye jaka a aji biyu. Amma da karatun nasa da rashin nawa, titi ɗaya ne ya raba mu. Ni ina shagon ɗinki a bakin tashar Dutsin-Ma, shi yana tsallake cikin wata rumfar kwano mai faɗin akurki, yana cajin waya, yana tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a memori. A jikin rumfar ya sa an rubuta Kaftin Siro da jan fenti. Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya fi motar gawayi tsawo ba, wai shi ne kaftin.

Ga asalin ciwon nasa. Muna yara, ni ina shekara bakwai shi yana tara, akwai wani malamin dabbobi a Kurfi, Malam Yunana, Kirista ne da aiki ya kawo shi, shi ke yi wa shanun Kawu allura. Yana da talabijin da bidiyo. Duk Lahadi in sun dawo daga coci shi da matarsa Magdalina, bayan azahar, sai ya tada janareto ya sa fim. Ba ruwansa da na rawa ko na dambe. Nasa na mutanen sama ne masu kai kamar ƙwarya, da jirage masu yawo cikin taurari, da mutanen ƙarfe masu ido kamar tocila. Yaran unguwa su cika ɗaki har bakin ƙofa. Mu kuwa Kawu ya ce in ya ji ƙafarmu ta taka ɗakin wani don kallo, sai ya jeme mu kamar fatar akuya. Ƙafa ya ce. Bai ce komai a kan taga ba.

Tagar tana bayan ɗaki, can sama, kuma dab da gindinta ake ajiye janareton saboda wayarsa gajera ce. Siraju bai kai ba, ni ban kai ba, amma in aka haɗa mu mun kai. Sai na ce ya durƙusa in hau wuyansa, in na ɗan gani in sauko shi ma ya hau. Shekara uku muna wannan, ban taɓa saukowa ba sai fim ya ƙare. In ya yi ƙorafi in ce yanzun nan, ana tsakiyar faɗa ne. Ranar da ya matsa na durƙusa mashi ya hau, muka zube tare cikin toka, bai sake tambaya ba. Rabonsa dai shi ne ya yi tsalle ya kama bakin taga, ya hango walƙiya ɗaya, ya faɗo.

Ina tsoron faɗuwa, don haka nakan matse kansa da gwiwoyina biyu, kunnuwan nan su kwanta luf. In zan ba shi labarin abin da ake yi, sai in ɗaga gwiwa ɗaya, in sunkuya in zuba mashi, in mayar. Dole in ba shi, don kada ya gaji ya sauke ni. Sai dai turancin fim ɗin ko malamin ajinmu ba zai kama shi ba balle ni. Kuma maganar gaskiya mutanen fim ɗin sun cika son zama gaban wasu fitilu su yi ta surutu. Wa zai tsaya a rana da mutum a wuya don a ce mashi suna zaune? Sai na riƙa gyarawa. Na ce mashi mutanen sama sun sauko ne saboda shanunsu na duniyar wata sun ƙafe, sun zo neman nono. Na ce mutumin ƙarfe taimama yake yi, don in ya taɓa ruwa tsatsa za ta cinye shi. Na ce akwai kasuwa a bayan taurari da ake dillancin raƙuma masu taya. Siraju yana ƙasa, gumi na zuba, hayaƙi na shiga mashi hanci, yana ta cewa sai me, sai me.

Ya girma, ya manta ciwon wuyan, ya riƙe labarin. Ban san ranar da abin ya juye a kansa ba, amma ya kai yana rantsuwa a majalisa cewa da idonsa ya ga mutumin ƙarfe na buga tafi a ƙasa yana shafa fuska. Ni kuwa in na ji sai in ce ƙwarai, har gemu gare shi na waya.

Shekara uku da suka wuce ya tsallako titi ya tsaya a kaina ina kan keke, ya ce zai yi albam na gambarar zamani, wadda suke ce wa hif-hof, waccan da mutum ke magana da sauri kamar ana binsa da sanda, yana nuna mutane da yatsa alhali ba su yi mashi komai ba. Waƙa tara, duk a kan finafinan yarintarsa, don wai finafinan yanzu da yake tura wa mutane ba su da rai, kuma in ya tuna bayan ɗakin nan sai ƙirjinsa ya yi nauyi. Na ce ba ƙirji ba ne, wuya ne, bai gane ba. Akwai waƙar Shanun Wata, akwai Mai Taimama, akwai Dillalin Raƙuman Sama. Ya sayi wani tabarau mai kama da murfin tukunya, ya sa na ɗinka mashi riga mai ƙyalli da yadin da ake labulen amare da shi. In ya sa ta ya tsaya a rana, direbobi rage gudu suke yi, suna zaton shingen 'yan sanda ne.

Ya samo wani ɗalibin jami'a ɗan kudu, Clinton, mai haɗa kiɗa a ɗakin hayarsa. Ya manna kwalayen ƙwai a bango ya kira wurin sutudiyo. Mai haƙuri ne, Allah ya sani, don ni da a ce ni ce, da na daɗe da rufe Siraju a ciki na jefa makullin a dam. Clinton ya so ya ga finafinan don ya san irin kiɗan da zai dace. Ya kwashe sati yana tonon intanet, ya zo shagona da Hausarsa mai ɗingishi yana cewa Anti Sauda, babu fim na nono a wata. Na ce tsoho ne sosai, kafin a haifi intanet aka yi shi.

Waƙoƙi sun haɗu, murya ta shiga, abu ɗaya ya tsaya: kukan jirgi. Siraju ya ce kowace waƙa sai ta buɗe da ƙarar da jirgin mutanen sama ke yi in zai tashi, kuma ba kowace ba, wadda ya ji yana yaro. Ya ce in ba ita, albam ɗin gawa ne da hula. Clinton ya kunna mashi ƙara ta fi dubu daga cikin kwamfuta, masu shuu, masu wiii, masu kamar an take wutsiyar mage. Kaftin ya rufe ido, ya karkata kunne ɗaya kamar tasa, ya ce ba ita ba ce. Haka aka cinye shekara guda.

Ana nan, farkon bazarar bana, Kawu Alu ya zo Dutsin-Ma ranar kasuwa. Ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi amsa, ga shanun huɗa biyu, ga gona, kuma Siraju ne kaɗai babban ɗansa namiji. Ya tsaya bakin rumfar, ya daɗe yana kallon jan fentin nan, bai zauna ba ko da aka kawo mashi benci. Ni kuwa na bar ɗinki na tsallako gaishe shi, don irin wannan ba a jin ta a bakin wani.

Ya ce, "Shekara uku ana ce mani kana haɗa wani abu. Ko rumbu kake ginawa da ya cika. Ka kawo mani shi a hannu in ji da kunnena kafin ruwan shuka. In ruwan shuka ya riga ka, ka rufe akurkin ga ka zo ka kama garma, kada in sake jin zancen."

Siraju ya ce to, Baba. Kawu ba ya magana biyu, duk Kurfi an sani. Ya taɓa cewa ba zai sake shan shayin wani mai shayi ba saboda ya yi mashi tsawa, yau shekara ashirin yana zagaye titin.

Daga ranar sai nema ya zama hauka. Suka ɗauki makirfo suka tafi Makera suka ɗauko ƙarar injin niƙa, ba ita ba. Suka je bakin dam wurin masu ban-ruwa suka ɗauko ta famfo, ba ita ba. Suka je Karofi wurin wani mai amya, zuma ta ba su kashi, Clinton ya dawo da leɓe kamar buroɗi, ita ma ba ita ba. Wata rana ya tsaya gaban shagona ya gaji, ya ce bari ya kwatanta mani da baki ko na tuna. Ya yi tari uku, ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf. Ya yi gurnani daga maƙogwaro. Sannan ya ɗora wani siririn kuka mai rawa a kai.

Saura kaɗan in ɗinke yatsana. Janareton Malam Yunana ne, ba ragi ba ƙari. Ni ina sama kunnena na cikin taga, shi yana ƙasa kansa na dab da inji, shekara uku. Abin da yake ji shi ya ɗauka kukan jirgi ne. Za ku ce ai mutumin da ke tada janareto kullum a rumfarsa ya kamata ya gane. Ku ba ku san Siraju ba. Kan da ya riga ya yanke cewa abu daga sama ya zo ba ya duba ƙasa. Na ce mashi ban tuna ba, amma ya gwada kukan jaki mai mura.

Sati biyar na riƙe abin a ciki ina jin daɗinsa kamar alewa. Maigidana Manu, ɗan acaɓa ne, shi kaɗai na faɗa wa, ya yi dariya har ya sauka daga kan tabarma, daga baya ya ce in ji tsoron Allah. Na ce ina ji, amma Allah ne ya yi mu taubasai. Sai shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bayan tasha. Iska ta juya, gabas ta fara haɗa fuska da yamma. Siraju ya rame har kunnuwan suka zama su ne rabin nauyinsa. Ya daina sa tabarau, ya daina tsallakowa ya ce mani baiwa. A nan na zauna na yi tunani. Ba tausayi ba ne, kada a yi mani sharri. Na ga in ya koma Kurfi, duk ranar da nake son in zage shi sai na shiga mota.

Na aika aka kira shi, shago cike da mata masu jiran ɗinki.

Na ce, "Bawana, na san inda jirginka yake."

Ya ce, "Sauda, yau ba ni da ƙarfin wasa."

"Ba wasa. Amma sai ka tsaya tsakiyar shagon nan ka faɗa wa matan nan wane ne bawa tsakaninmu."

Ya dubi gabas ta ƙofa, ya dubi matan, ya ce shi ne. Na sa ya maimaita sau uku saboda Hajiya Mubina ba ta ji sosai, kuma ita ce rediyon unguwa, bai kamata a bar ta a baya ba. Sannan na ce ya ɗauko Clinton da makirfonsa, gobe da hantsi za mu unguwa. Ban faɗa mashi ko ina ba.

Malam Yunana ya daɗe da yin ritaya, ya gina gida a nan Dutsin-Ma, yana kiwon kaji. Muka tarar da shi a inuwa, kai fari fat. Magdalina tana ganina ta riƙe haɓa ta ce ai wannan ɗiyar taga ce. Ashe duk shekarun nan tana ganin idanu biyu da kitso a tagarta, ita ke ɗage labule da gangan. Ta tambaya ina tsanin da nake hawa, don ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Na nuna mata shi na ce ga shi nan, ya girma, yanzu kaftin ne.

Siraju ya durƙusa ya gaishe su, ya shiga zuba wa Malam Yunana godiya, yana lissafa finafinan da suka gina rayuwarsa: na shanun wata, na mai taimama, na kasuwar raƙuma. Tsoho ya yi ta kallonsa baki sake. Ya ce kaset-kaset ɗinsa na nan cikin akwati, ya kalli kowanne ya fi sau ashirin, bai taɓa ganin saniya ko ɗaya a ciki ba. Nono kuma? A wata? Magdalina ta juya baya kafaɗunta na rawa. Clinton ya dube ni. Manu, da ya kawo ni a babur, ya sami wata kaza ya tsaya yana nazarinta.

Siraju ya ce, "Sauda. Duk ƙarya ce?"

Na ce, "Gyara ne. Na ainihin ba daɗi, zaune suke."

Ya nemi turmi ya zauna. Sai ya ce ya yi waƙa tara a kan ƙaryar yarinya mai shekara bakwai, gara ya tafi ya kama garma tun yau, ko shanu ba za su yi mashi haka ba. Na ce ya tafi mana, shanun ma za su ji daɗin inuwar kunne. Amma a gaskiya ban zo da niyyar kashe albam ba, na zo ne in ga ya sha kunya ya warke.

Manu ne ya cece ni. Ya riga ya tambayi Malam Yunana inda tsohon janareton yake, aka ce yana cikin akurki, wata kaza ta mai da shi gadon haihuwa. Ya jawo shi, ya kwashe ƙwai ya miƙa wa Magdalina, ya goge fulogi, ya zuƙo mai daga baburinsa ya zuba. Ya ja igiya ta fi sau talatin, har rawaninsa na acaɓa ya kwance. Sai inji ya yi tari uku, ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf, ya kama gurnani.

Wallahi da idona na ga kunnuwan Siraju sun miƙe kafin shi ya miƙe. Ya tako a hankali kamar mai bin zabuwa. Ya tsaya, ya saurara, ya dubi injin, ya dube ni, na ga abin ya faɗa mashi daga sama har ƙasa. Na ce ga jirginka nan, Kaftin, kaza ta riga ka hawa.

Ya ce ƙarar ita ce, amma babu siririn kukan nan na sama. Magdalina ta buga cinya ta ce ai a kan wani tsohon faranti na ƙarfe suke ɗora shi don kada ya nutse cikin yashi. Ta kwashe dusar kaji daga farantin ta kawo, aka ɗora, faranti ya kama rawa yana kuka. Siraju ya ce saura kaɗan, wannan ta yi kaifi, waccan kamar daga cikin rijiya take fitowa. Clinton ya murɗa wannan ya murɗa wancan, a banza. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin, kaji sun fara shiga akurki da kansu.

Ni na tuna. Na ce ai bai taɓa jin ƙarar nan da buɗaɗɗen kunne ba, gwiwoyina na toshe su. Manu ya ce kada ma in fara tunanin abin da nake tunani. Na ce Allah ya kiyaye, yanzu da na yi ƙiba ko raƙumi aka ba ni sai na duba lafiyarsa, balle wannan ƙashin. Aka ɗauko matasan kai biyu na Magdalina, aka sa makirfo a tsakiya, aka ɗaure da igiyar shanya, aka ajiye daidai inda kan yaro ɗan shekara tara zai kai. Clinton ya sa wa Siraju abin ji a kunne, da ƙyar ya rufe su. Ƙaton mutum mai gemu ya tsaya tsakar gidan mutane, hawaye na bin fuskarsa, saboda janareto. Na so a ce akwai mai hoto.

Ana gama ɗauka ɗigon farko ya faɗo a kan farantin. Muka kwashi kaya muka shige ɗaki. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya tun azahar har la'asar sakaliya, irin wanda ko makaho ya ji ƙamshin ƙasa ya san na shuka ne. Siraju ya tambayi Clinton kwana nawa zai ɗauka ya saka ƙarar cikin waƙa tara ya daidaita. Ya ce uku, in bai ci abinci ba. Kaftin ya zauna yana kallon ruwa ta ƙofa. Ya sami jirgi, ruwa ya riga shi.

Da safe ya ce zai tafi Kurfi ya kai kansa, don kada a aiko. Na ce zan raka shi, ina da saƙo wurin mahaifiyata. Ba ni da saƙon komai, so nake in ga an miƙa mashi garma. Tun daga hanya gonaki cike da mutane, mai sungumi a gaba yana sara, masu ƙwaryar iri a baya suna zubawa suna takewa.

Mun tarar da Kawu tsakar gida, ƙafafunsa cikin taɓo. Siraju ya durƙusa ya ce ya zo, abin ya kusa amma bai ƙare ba, saura kwana uku. Bai roƙi komai ba, wannan dai na ba shi. Kawu bai dube shi ba. A wajenmu manomi ba ya cewa an yi ruwan shuka don ya ga sama ta zubo, sai ya tona ƙasa da hannunsa ya ga inda lema ta tsaya. In ta wuce wuyan hannu, a fito da iri. Kawu ya naɗe hannun riga. Ya wuce tsakar gida da ke kwance da ruwa, ya wuce bakin garke, ya je ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya zura hannu ƙarƙashin rumbu, wurin da ruwa bai taɓa ziyarta ba tun da aka kafa shi. Ya ɗebo ƙasa busassa, ya murza, ta bi iska.

Ya ce, "Bai kai shuka ba."

Na ce, "Kawu, ai nan ko ruwan ɗufana aka yi..."

Ya ce, "Ke ce mai gonar?"

Na ce a'a. Ya karkaɗe hannu ya ce shi a ganinsa sai nan da kwana uku, kuma bai ga abin da ya tara mu a gidansa da sassafe ba, kowa ya kama gabansa. Haka na dawo Dutsin-Ma hannu rabbana, na bar ɗinki na sha jijjigar mota a banza. Kwana ukun nan duk Kurfi ta shuka, gonar Kawu kaɗai ke kwance kamar kan mai sanƙo. Maƙwabta suna tambayarsa lafiya, yana cewa ya tona ya gani.

Rana ta uku bayan azahar Siraju ya shiga zauren Kawu da memori da lasifika, ni ina bayansa, don wannan ma ba zan yarda a ba ni labari ba. Ya miƙa mashi a hannu kamar yadda aka ce, sannan ya kunna. Tari uku, gurnani, kukan faranti, sai ga muryar Kaftin ta faɗo tana gudu tana neman nono a duniyar wata. Kawu ya saurari waƙa tara bai motsa ba, carbi na hannunsa. Da aka gama ya ce injin nan na farko yana buƙatar makaniki. Ya ce saurin maganar ya yi yawa, kamar mai ba da shaidar zur. Ya tambaya wane ne wannan mai taimamar, aka ce mutumin ƙarfe ne, ya ce Allah ya yi mashi albarka, ya fi wasu masu jini a jika. Sannan ya ce ya ji, an kawo, magana ta ƙare, kowa ya riƙe sana'arsa. Ya miƙe ya ɗauki sungumi.

Ba wanda ya ce wa Siraju ya bi shi, amma ya tuɓe rigar labule ya ɗauki ƙwaryar iri ya bi. Da yamma ya karɓi sungumin. Kwana huɗu ya yi, Allah ya sake sauko da ruwa a na biyu, ya dawo da hannu duk bororo, ko cajar waya ba ya iya riƙewa sai da kuka. Yanzu duk Juma'a yana can, yana huɗa a karkace, shanu na binsa da kallon tausayi.

Rumfa dai tana nan, jan fenti na nan. Albam ya fita. Ba zan ce duniya ta girgiza ba. 'Yan acaɓa ne suka fi ɗauka, kuma duk wanda ya kunna a hanya sai wani ya tsayar da shi ya ce ya duba baburinsa yana tari. Malam Yunana ya sa an tura mashi a waya, Magdalina ta ce in ya kunna kaji taruwa suke yi.

A ƙasan hoton albam ɗin, da ƙananan baƙaƙe, ya sa an rubuta: labari daga baiwata Sauda. Mutumin da ya amsa bautarsa sau uku gaban Hajiya Mubina. Duk takardar tallarsa da aka manna a tasha na bi ta da allura na kankare kalmar baiwata. Jiya ma ya tsallako, tabarau a goshi, yana sosa ƙeya, wai ko na tuna yadda aka ƙare da raƙuman nan masu taya, don tun yana shekara tara ban ƙarasa mashi ba. Na ce na tuna sarai. Na ce ya durƙusa tukuna.